Muhawara: Hutun haihuwa mai albashi, gata ne ga mata ko cuta?

Malam Sani: Ni fa ina ganin tilasta biyan albashi a hutun haihuwa mata yake cuta. Mai ƙaramin kamfani, ma'aikatansa shida, a ce ya biya wadda ba ta zuwa aiki wata uku, ya kuma ɗauko mai riƙe gurbinta? Gobe in mace ta kawo takardar neman aiki, zai ce ta saurari kira, ya ɗauki namiji.

Hajiya Rabi: Malam, ciwon da ka faɗa akwai shi, maganin ne ka kuskure. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, mako 14 ta tanada, da aƙalla kashi biyu bisa uku na albashi. Kuma cewa ta yi kuɗin ya fito daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmali, ba aljihun mai kamfani shi kaɗai ba.

Malam Sani: Asusun daga sama yake faɗowa? Haraji ne aka sauya wa suna.

Usman: Harajin ne, ba musu. A jihar Kalifoniya albashin ma'aikata ake ɗan gutsira, tun 2004 ake biyan hutun da shi. Dokar tarayyar Amurka ta 1993 kuwa mako 12 ta bayar ba ko sisi, ita ma sai a kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama. Wanda ke jiran ƙarshen wata ya biya haya, ina zai kai irin wannan hutu?

Maman Ilham: Ku maza lissafi kawai kuke yi. Wadda aka yi wa tiyata aka ciro jariri, ɗinki bai kame ba, ko miƙewa za ta yi sai ta dafa bango, dare kuma ba barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida. A banɗakin ofis za ta riƙa tatsa?

Malam Sani: Allah Ya ba su lafiya, Maman Ilham, amma tausayi bai amsa tambayata ba.

Hajiya Rabi: Uba ma ya tafi hutun. A Suwidin kwana 480 ake ba iyaye biyu, 90 na kowa ne shi kaɗai, in uban bai ɗauka ba ya ƙone. In namijin ma zai ɓace wata uku, me ya rage na gudun mace?

Usman: Hajiya, a hankali dai. Japan ta ba maza har kusan shekara guda, amma an daɗe galibinsu ba sa ɗauka, gudun harara daga shugaba.

Maman Ilham: Kuma kun manta jinya. A Jamus in ma'aikaci ya kwanta ciwo, mai kamfani na biyan cikakken albashi mako shida, daga nan asusun lafiya ya karɓa. Inda babu haka, mai tari zai lallaɓo aiki ya rarraba wa kowa.

Malam Sani: Na ji batun asusu. To leburan da ake sallama kullum da yamma, ba takardar ɗaukar aiki, ba albashin wata, daga ina za a gutsiri nasa?