Dan Allah masana, da gaske ne ana samun dizal a jikin gansakuka?

Abu Hafsa, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya shugul ya iyali. Tambaya ce da ni ga masu ilimin inji ko noma a cikinmu. Ina aiki ne a wata mazra'a, wato gona, ta wajen Usfan, muna da tankunan karfasa da injinan jawo ruwa masu shan dizal, to ɗan mai gidan ya dawo daga karatu ya nuna mana wani bidiyo a waya, wasu dogayen bututan gilashi ne an jera su sahu-sahu cike da koren ruwa, wai gansakuka ake kiwo a ciki, sunan abin fotobayoriyakta, wai daga nan ake tatsar mai a zuba a inji. Yanzu ya matsa wa mahaifinsa ya fitar da kuɗi a kafa, kuma ni za a ɗora wa kula da shi. Ni dai gansakukar da na sani ita ce wadda muke kankarewa a jikin hazzan, wato tankin ruwa. Da gaske ne abin nan? In gaske ne me ya hana mu gan shi ko'ina? Dattijon nan ya riƙe ni da amana wlh, ba na so ya yi asara ina kallo, kuma ba na so in kashe wa yaron gwiwa in har abin alheri ne.

Sulaiman ɗalibi:

Wa alaikumus salam Baba Abu Hafsa. Gaskiya ne akwai mai a jikinta, sai dai ba irin ta jikin hazzan ɗinku ake nufi ba, wasu ƙanana ne sosai da ido ba ya ganin ɗaya ɗaya sai dai ka ga ruwa ya koma kore, irin su Chlorella da Nannochloropsis, ita ta biyun ma a ruwan gishiri take rayuwa. Abincinsu hasken rana da iskar kabon da ɗan taki, kilo 1 na busasshiyar gansakuka yana cinye wajen kilo 1.8 na iskar kabon, shi ya sa ake hura musu ita ta ƙasan bututun. In aka rage musu naitirojin sai su fara tara mai a jiki amma kuma girmansu ya ja baya, ka ga tun daga nan an fara ciniki. Man da aka tatsa ana haɗa shi da metanol da soda sai ya zama bayodizal. Har jirgin sama an tayar da man gansakuka, kamfanin Continental ya gwada a Janairun 2009 da haɗin man gansakuka da na bini da zugu, a 2011 kuma jirgin United ya ɗauki fasinja daga Houston zuwa Chicago da haɗin da kashi 40 cikin 100 na gansakuka ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafi Baba. Ka ɗauka bututanku na cin ruwa lita 1000, in abin ya yi kyau kowace lita ta ba ka giram 2 na busasshiyar gansakuka, kilo 2 ke nan, in an yi sa'a kashi 30 cikin 100 mai ne, giram 600, ko lita ɗaya bai cika ba, kuma ba kullum za ka kwashe wannan ba sai ka jira ta sake girma. Sannan kafin ka kai ga giram 600 ɗin sai ka raba ta da ruwa lita 1000 ka busar ka fasa ƙwayoyin, duk wuta suke ci. Nan Saudiyya litar dizal a mahaɗɗa, wato gidan mai, ba ta kai riyal 2 ba.

Kuma manya sun gwada. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi shiri a kai daga 1978 zuwa 1996, sun tara iri wajen 3000 sun yi gwaji a kududdufai a Roswell ta jihar New Mexico, suka rufe saboda ɗanyen mai ya yi araha. Kamfanin mai na ExxonMobil sun shiga a 2009, suka kashe sama da dala miliyan 350, zuwa farkon 2023 aka ji sun janye. Solazyme da suka yi man jirgin United ɗin su ma a duhu suke kiwon tasu cikin tankunan ƙarfe suna ba ta sukari, daga baya suka koma harkar abinci suka sauya suna zuwa TerraVia, a 2017 suka karye.

Malam Idi mai mukayyif, Yanbu:

Allah ya ƙara basira Sulaiman, ni kuma bari in faɗi ta ɓangaren hannu don aikin sanyaya ruwa shi ne abincina. Abu Hafsa kai ka san ruwan hazzan na saman rufi a watan bakwai, da azahar ba ka iya alwala da shi. To bututun gilashi a rufe a ranar Jidda kamar sayyara ce, wato mota, da aka ajiye a rana an ɗage gilasai, kuma yawancin irin nan in ruwa ya haura digiri 35 zuwa 40 mutuwa suke, wuni ɗaya ya isa koren ya koma ruwan ƙasa yana wari. Dole ko ka riƙa fesa wa bututan ruwa ta waje, ruwan da a wayit, wato motar tankar ruwa, kuke saye, kuma in na rijiya ne gishiri zai bushe ya yi fari a jikin gilashin ya tare haske, ko ka sa injin sanyaya ruwa ya yi ta aiki tun hantsi har la'asar. Ga famfon da ke juya ruwan ba ya tsayawa dare da rana don in ya tsaya ta kwanta ta manne. Ga iskar oksijin da ita kanta take fitarwa, a cikin dogon bututu taruwa take ta hana ta girma, sai an yi wata hasumiya a ƙarshen layi da iskar za ta fice. Ga wanki, ciki yana yin yauƙi, wasu ƙananan ƙwallaye na roba ake turawa su bi ruwan suna goge bango, waje kuma ƙurarmu ta nan.

Duk masu ƙirƙirar nan abin da suke kokawa da shi ke nan, wasu sun bar bututu sun koma faifan gilashi a tsaye, wasu buhunan leda masu araha a rataye, hukumar NASA ma ta gwada ledoji da aka tsara su yi yawo a kan teku don ruwan teku ya riƙa sanyaya su. A Jamus akwai wata masana'anta a garin Klötze tun 2000, bututun gilashinta ya kai kilomita 500, amma Chlorella suke yi ta ci ba ta mai ba, kuma can sanyi ne ya dame su ba zafi ba. Ka ce wa yaron ya kawo lissafin wutar da abin zai ci a wata tukuna.

Ɗan Maiurno:

Salamu alaikum. Ku na Saudiyya kuna magana ne a ƙasar da dizal ke da araha, mu nan Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 matatar mai ta Jaili ta tsaya, jazolin wato dizal ya zama abin nema, manoma a bakin Shuɗin Nilu sun ga shukarsu ta bushe ga kogi a gabansu saboda babu abin tayar da famfo. Rana muna da ita, ruwa muna da shi, magudanan ban-ruwa na Jazira cike suke da gansakuka ba mai so. Ni ban yarda a ce don ExxonMobil sun gaji shi ke nan an rufe babi ba, su riba suke nema mu tsira muke nema. Masana'antar sukari ta Kenana ma ai tun 2009 ta fara yin etanol daga ragowar rake, da can wa ya zaci haka. Malam Sulaiman a wajenmu lissafin bai canza ba?

Sulaiman ɗalibi:

Yaya Allah ya kawo muku zaman lafiya, wlh abin yana ci mana rai. Farashi ya canza amma ɗaya matsalar tana nan, in wutar da za ka kashe wajen juya ruwa da tacewa da busarwa ta kusa kai ƙarfin da man zai ba ka to ba ka ƙaru ba ko nawa ake sayar da lita, ga metanol da kayan gyara da sai an shigo da su. Kenana rake ya riga ya zo gida, ragowarsa suke dafawa, ba ruwa lita 1000 suke tacewa don kilo 2 ba. Kududdufi buɗaɗɗe mai zurfin santimita 20 zuwa 30 da fanka mai juya ruwa ya fi bututu araha nesa ba kusa ba, sai dai shi kuma wajen rabin giram yake bayarwa a lita, ga tururi na shanye ruwa ga ƙwari da baƙin iri na faɗawa. Don famfon gona ni dai sola zan ce, ranar nan da za ku ba gansakuka ku ba faifan sola ya juya famfon kai tsaye. Binciken kam a ci gaba da shi a jami'o'i, ina tare da kai a nan, amma ba da kuɗin manomi ba.

Hajiya Ummu Salma, Makka:

Ni ban san inji ba 'ya'yana amma kakata 'yar Kanem ce ta ƙasar Chadi, can mata ke ɗebo koren abin nan daga tafkunan kanwa, su yi ɗan rami a yashi mai tsabta su zuba, ruwan ya tsane rana ta busar, su yayyanka shi su kai kasuwa, dihe suke ce masa, ana miya da shi a ci da tuwon gero. Shi ne wanda yanzu ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani, cikin kwalba da sunan Spirulina da tsada. Ba gilashi ba wuta, kuma zafi bai dame shi ba. Abu Hafsa tunda kifi gare ku me ya sa ba za ku duba ta nan ba?

Abu Hafsa, Jidda:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya maganarki ta shige ni don abincin kifi ne ya fi cin kuɗinmu ba dizal ba. Zan zauna da yaron mu kaɗai kafin mu je gun mahaifinsa, in ba shi lissafin Sulaiman da na Malam Idi. Muna da wani tsohon tankin siminti da ba a amfani da shi, Sulaiman za a iya gwada Spirulina ɗin a ciki?

Sulaiman ɗalibi:

Za a iya Baba, ita tana son ruwa mai kanwa sosai wanda sauran iri ba sa iya zama a ciki, tana jure zafi har wajen digiri 35, furotin ɗinta ya kai kashi 60 cikin 100 amma man jikinta kaɗan ne, kuma da yake zare-zare ce da ƙyalle mai laushi ma ana tace ta. Kar ruwan ya wuce kamu ɗaya da ɗan wani abu, ku sa ragar inuwa da rani, ku samo iri mai tsabta kar ku ɗebo na jikin hazzan don wasu irin suna da guba. Jami'ar KAUST da ke Thuwal ba nisa da ku, suna da aikin kiwon gansakuka tare da ma'aikatar muhalli da ruwa da noma kuma abincin kifi da dabbobi suka sa a gaba, yaron ya rubuta musu ya nemi ziyara. In kun fara kar ku cire abincin da kifin ya saba, kaɗan za ku riƙa haɗawa a tanki ɗaya kuna auna nauyinsu da na sauran tankunan.