Vespar mahaifinmu da ke soro: in tayar da ita in hau, ko in bari a sayar?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son jin waɗanda suka taɓa riƙe tsohon babur da hannunsu.

A soron gidanmu akwai Vespa 150 Super ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Malamin firamare ne. A 1975 ya saye ta, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji na ƙarin albashi, shekarar da yake cewa malaman makarantarsu suka jingine Raleigh suka hau inji. A kanta na yi firamare: ni a tsaye a gaba tsakanin gwiwoyinsa, Yaya a baya rungume da jakunkunanmu, babbar rigar Malam ta cika da iska kamar za ta ɗaga mu sama. Har yau in na ji ƙarar Vespa a lungu sai na waiga. Ya daina hawa a 2011 da idonsa ya yi rauni, aka kafe ta a soro. Daga nan ta zama wurin ɗora tabarmi da buhun gawayi, kaza ma ta taɓa ƙyanƙyasa a ƙarƙashinta.

Bara Allah Ya yi masa rasuwa. Da aka zo ƙiyasta kayan gado, kuɗin ƙarfe aka sa mata. Yaya ya ce a kira 'yan gwangwani su auna su ɗauka, a huta. Sai kuma ga wani matashi mai wurin shan shayi na zamani a Nassarawa ya zo ya taya da ɗan dama, wai zai yi mata jan fenti ya girke ta a ƙofar shagonsa mutane su riƙa ɗaukar hoto. Wallahi wannan ya fi yi min ciwo a kan na 'yan gwangwanin.

Ni a Sharaɗa nake aiki, sito nake riƙewa a wani kamfani. Adaidaita biyu nake hawa a zuwa, biyu a dawowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke gutsire albashina tun kafin ya shiga gida. Na ɗauki adashi, amma kuɗin abu ɗaya zai yi: ko in sayi Lifan ta hannu, ko in biya 'yan'uwana kasonsu na Vespar in kai ta gyara. Maiɗakina ta ce duk ranar da na hau ta, yaran layi "Baba ɗan fansho" za su sa min, ni da ban cika arba'in ba.

To injin da ya yi fiye da shekara 13 a kwance yana tashi kuwa? Ana samun kayanta a Kano? Za ta jure Gwammaja zuwa Sharaɗa kullum, ko kewar Malam ce kawai take neman sa ni zuba kuɗi a rijiya?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan Malam. Yarona ne ke rubutawa, ni da baki nake faɗa masa. Vespa na koya tun ina saurayi, da ita na yi aure, da ita na aurar.

Ka fara tambaya daga inji, to ba nan ake farawa ba. Inji ba ya ba ni tsoro. Gangar jiki ita ce magana. Sauran babura suna da ƙashin baya na ƙarfe, ana ɗaura musu roba da tanki a kai. Vespa kuwa jikin nata shi ne ƙashinta, mutanen Italiya haka suka ƙera ta tun 1946. In wurin ajiye ƙafa ya ruɓe, babur ya mutu, ko da injin yana waƙa. Soro kuma wuri ne da ake alwala, ana zubar da ruwa, ga kashin kaji da yake cin ƙarfe kamar gishiri. Saboda haka gobe da safe ka kwantar da ita a kan tsohuwar katifa, ka ɗauki sukundireba ka bi ƙasan kana dannawa, musamman tsakiya inda wayoyi suke bi, da kusa da fedar birki. In ya huda kamar takarda, ka haƙura. Mai walda zai ce maka zai liƙe, zai kuwa liƙe, amma babur ɗin zai riƙa tafiya a karkace kamar kare.

In jikin yana da rai, sai inji. Kada ka bari wani yaro ya zuba mai ya hau buga kika don ya burge ka. Za ta iya tashi, Vespa ba ta da girman kai. Amma akwai oyil sil a gefe biyu na kiranshaf, roba ce, kuma roba ta shekara 13 ta bushe ta tsage. Iska za ta riƙa shiga ta nan, mai ya yi ƙaranci, ka ji tana gudu da daɗi, kana tsakiyar titi fiston ya kama, tayar baya ta ƙulle. Na ga wanda wannan ya kayar. A sauke injin a raba shi biyu, a sauya sil da boris da ringi, a duba kuros ɗin giya, shi ne in ya cinye giya ke fita da kanta. A wanke tanki, don tsohon mai yana komawa kamar ƙaro. Kafireta a wanke, wayar kuloci da wayoyin giya biyu a sa sabbi. Taya kuwa kada ka duba zanenta, ka zubar kawai.

Kaya akwai, amma ba na Italiya ba. Na Indiya ne. Kamfanin Bajaj ya daɗe yana ƙera irinta, kayan da yawa suna shiga. Sai dai akwai mai kyau akwai na jeka-na-yi-ka, kuma ba kowane shago ba. Tsofaffin bakanikai su suka san wanda yake da ragowa, wani lokaci a Ƙofar Ruwa ake dacewa da na kwance. Abin da zai ɗan wahalar da kai tayar ce: Super inci 8 take ɗauka, ba 10 ba irin Vespa PX da ta fito a 1977.

Sai maganar mai, a nan mutane ke kashe ta. In ban da man giya, ba ta da wurin zuba baƙin mai daban kamar Lifan, a cikin fetur ake gauraya mata, kashi 2 cikin 100. Ka sami kwalbar maganin tari mai mil 100, cikinta ɗaya a lita 5, shi ke nan. Kuma ka nemi man da aka yi don irin wannan inji. Mu a da na mota muke zubawa don shi muke da shi, shi ya sa kullum muke kankare fulogi muna ƙona salansa. In ka manta ba ka zuba ba ko sau ɗaya ne, to ka tanadi kuɗin fiston.

Hawanta ma sai ka sake koyo. Giya a hannun hagu take, ka matse kuloci ka murɗa hannun gaba ɗaya, guda huɗu. Birkin baya a ƙasa, ƙafar dama. Injin a ɓangaren dama yake, za ka ji tana rinjaya can, bayan sati jikinka zai saba. Abin da nake so da ita: taya ta yi faci, ka kwance noti ka ɗaura safaya ka wuce, ta gaba da ta baya duk iri ɗaya ne. Mai Lifan yana can yana tura nasa yana neman mai faci.

Baban Khalifa:

Baba Bakanike ya faɗi gaskiya, amma gaskiyar mai gyara ce. Bari in faɗi ta mai hawa.

Na yi irin wannan son. Honda Roadmaster na saya a hannun wani dattijo, mai silinda biyu, ƙararta kamar ta Land Rover. Ranar Juma'a in na hau ta, dattawa har tsayar da ni suke su shafa tankin suna ba ni labarin tasu. Amma ranar Litinin babu mai shafa tanki. Akwai lokacin da koyil ya ƙone, sati uku tana kwance a gareji ana neman irinsa, ni kuma ina biyan adaidaita a kan kuɗin gyara. Oga ba ya son jin "babur ne ya ƙi tashi" fiye da sau biyu. Lifan ko Boxer ko a Rijiyar Zaki ta mace maka, taku ashirin za ka ga mai gyara da kayanta a rataye.

Kuma Malam, Kanon da mahaifinka ya hau Vespa ba ita ce wannan ba. Lokacin da ya saye ta babu adaidaita, babu gadar sama, babu ta ƙasa. Tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita suka mamaye titi, kuma kowa ya san yadda suke tsayawa: hannu ɗaya fasinja zai ɗaga, sai ka ga bayan keke a hancinka. Kai kuma kana kan babur mai birkin 1975, ba sigina sai dai ka miƙa hannu, ba batir, fitila sai ka ba ta wuta take haske, in ka sassauta a rami ta koma kamar aci-bal-bal. Ƙaramar taya inci 8 in ta faɗa ramin da ruwa ya rufe a watan Agusta, ba fita take ba, kai ne za ka fita ta saman kai. Hanyar Sharaɗa kuma tireloli ne. Batun shan mai ma, kada ka sa rai za ta kai Lifan sauƙi, ga kuɗin man gaurayawa a kai.

Ni dai a ganina, tsohon babur na biyu ne, ba na farko ba. Ka sayi Lifan ka je aiki. Tawa Roadmaster ɗin tana nan, ban sayar ba, amma sai da na sayi roba-roba sannan na daina jin haushinta.

Na Ƙofar Mata:

Hhhh Baba ɗan fansho! Wallahi ka hau, ka nemi jaka mai zif ka rataya a gaba, ka sa tabarau. Duk inda ka je za a ba ka kujera. Kuma ɓarawon babur ba zai kalle ta ba, ko ya sata bai iya sa giya ba.

Maman Ilham:

Duk kun tafi kan ƙarfe. Malam, mahaifiyarku tana raye? In tana nan, ita ka tambaya kafin bakanike. Mu da aka sayar da keken ɗinkin babanmu ba a gaya wa Inna ba, ba ta ce komai ba, amma sai da ta yi kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba.

Sannan tunda mai shayi ya taya sama da kuɗin ƙarfe, to ba kuɗin ƙarfe za ka biya 'yan'uwanka ba. Abin da aka taya shi ne kuɗinta, sai dai in sun yafe maka da bakinsu, har da matan, kowacce a tambaye ta ita kaɗai. A rubuta, a sa shaidu. Yau ƙarfe ce, ranar da ta sha fenti tana ƙyalli za ka ji wani ya ce ai ta babanmu ce duka. Ka kuma nemi takardunta a akwatin Malam, don lambar da ke jikinta ta zamanin da ce, sai ka sake rajista kafin ka fita titi.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ga abin da ya faru.

Baba Bakanike, na yi yadda ka ce. Ni da ƙanena muka kwantar da ita a kan katifa. Tsakiyar lafiya lau, ƙarfe yana amsawa. Amma a gefen hagu, daidai inda buhun gawayi yake zama, sukundireba ya shige, ramin ya kai faɗin tafin hannun yaro. Kusa da fedar birki tsatsa ce kawai a sama. Kikar tana motsi, ban dai zuba mai ba. Da na buɗe akwatin gefe na tarar da sifana biyu, fulogi a naɗe cikin tsumma, da wata 'yar kwalba mai zane a jiki da Malam ya yi da ƙusa, ashe ma'aunin mansa ne. Ƙanena bai san mene ne ba, sai da na karanta masa bayaninka.

Maman Ilham, Hajiya tana nan, kuma kin yi gaskiya, babu wanda ya tambaye ta cikinmu. Da na je mata da maganar ta yi shiru, can ta ce a kanta aka kai ta asibiti haihuwar Yaya, a zaune a karkace. Ta ce tumunin takabarta da ke cikin kuɗin ta bar min. Takardun ma suna wurinta, a cikin kwalla, har da rasit. Yaya ya ce shi kuɗinsa yake so, a kan farashin mai shayi, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙannena mata biyu ban same su ba tukuna.

Baban Khalifa, maganarka ta hana ni barci, don ogana irin naka ne. Na lissafa: in na biya Yaya da sauran, abin da zai rage zai sayi Lifan, amma wadda ta sha jiki sosai, ba wadda na sa wa ido ba. Vespar kuma sai ta ci gaba da zama a soro, in ɗauke mata gawayin, in riƙa sayen kaya ɗaya-ɗaya duk wata. Maiɗakina ta ce wato babur biyu zan mallaka, ɗaya ba ya tashi ɗaya kuma da ƙyar. Ban ba ta amsa ba.

Baba, ramin nan na gefen hagu, yana cikin wanda ake haƙura, ko mai walda zai iya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe? In kuma da hali yaronka ya turo min kwatancen garejinku ta saƙo, sai in ɗora ta a kura ranar Asabar in kawo maka ka gani da idonka.