Muhawara: Shin ABC ta yi daidai da ta matsa wa David Lynch ya faɗi wanda ya kashe Laura Palmer?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum. Tun rasuwar David Lynch, Ba'amurke mai ba da umarnin fina-finai, a Janairun 2025 nake jin masoyansa suna nanata magana guda, wai tashar talabijin ta ABC ce ta kashe shirinsa na Twin Peaks ranar da ta matsa masa, shi da abokin aikinsa Mark Frost, su bayyana wanda ya kashe Laura Palmer. Ni kuwa ina ganin tashar ce da gaskiya. An buɗe shirin a Afrilun 1990 da gawar 'yar makarantar sakandare da aka tsinta a bakin ruwa naɗe cikin leda, aka turo jami'in FBI, Dale Cooper, ya binciko wanda ya yi wannan aika-aika. Wannan kacici-kacici ne, kuma kowa ya san ƙa'idarsa: wanda ya kasa sai ya ba da gari, mai tambaya kuma ya faɗi amsa. Mutum sama da miliyan 30 suka kalli kashi na farko a Amurka, suka yi ta ba da gari mako bayan mako, alhali niyyar Lynch ita ce ya karɓe garuruwan ya bar amsar a aljihunsa. Wanda bai kalli shirin ba ya yi haƙuri, domin dole mu tona asiri.

Bazazzagiya: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sani, amma wannan kwatance bai zauna ba. Kacici-kacici da zarar an faɗi amsarsa ya mutu, ba mai sake waiwayarsa. Shi kuwa Lynch mutuwar Laura ƙofa ce ya buɗe domin a leƙa cikin garin Twin Peaks, a ga mai otal da likitan ƙwaƙwalwa da matar nan mai rungume da guntun icce, kowa da abin da ya binne. Shi da kansa ya kwatanta wannan sirri da tsuntsuwa mai yin ƙwan zinare da aka tilasta masa yankawa. A duba abin da ya biyo bayan bayyana mai laifin a Nuwamban 1990: labari ya rasa alƙibla, har aka kai ga matar aure mai ganin kanta 'yar sakandare, da attajirin da ya zauna yana sake buga yaƙin basasar Amurka da 'yan sojojin wasa. Masu kallo suka watse, shirin ya tsaya a Yunin 1991 bayan kashi 30.

Ɗan Maraɗi: Yaya, a nan sai na ɗan gyara miki, duk da cewa ni ma masoyin mutumin ne. Masu kallo sun fara raguwa tun kafin a faɗi sunan, kuma hakan ne ya tsorata tashar. An mayar da zango na biyu daren Asabar, lokacin da jama'a ba sa zaman gida, sannan yaƙin Tekun Fasha ya zo a farkon 1991 ya rikita jadawalin shirye-shirye, ga shi Lynch ya ja da baya daga aikin a tsakiyar zangon. Saboda haka laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kashin da aka tona asirin a cikinsa, wanda Lynch ya ba da umarninsa da kansa, yana cikin mafi ƙarfin abin da ya taɓa yi. Yadda aka nuna kisan Maddy, 'yar uwar Laura, wadda Sheryl Lee ɗin dai ita ta fito a matsayinta, har yau ban iya kallonsa da dare ni kaɗai.

Malamin Adabi: Madalla, ƙanena, ka ɗauke mini rabin aiki. Mutumin nan idan aka yi masa shinge ya fi yin noma mai kyau. Fim ɗinsa The Elephant Man na 1980 labari ne miƙaƙƙe, kuma ya shiga takarar Oscar a rukuni 8. The Straight Story na 1999 labarin gaskiya ne na dattijo mai shekara 73 da ya hau injin yankan ciyawa daga Iowa zuwa Wisconsin domin ya duba ɗan'uwansa marar lafiya, kuma babu wanda ya fito daga kallonsa yana tambayar me ya faru. Hatta Mulholland Drive da kuke alfahari da shi, kashin gwaji ne na shirin talabijin da ABC ta ƙi karɓa a 1999, sai da aka ce ya rufe labarin ya zama fim sannan ya ci kyautar ba da umarni a bikin fina-finai na Cannes a 2001. Da an sakar masa linzami, da ƙila har yau ana buɗe ƙofofi ba a rufe ko ɗaya ba.

Bazazzagiya: Malam, ka tsallake Dune na 1984, inda masu kuɗi suka riƙe almakashi, aka samu fim ɗin da ya yi ta nesanta kansa da shi har ƙarshen rayuwarsa. Kuma kamfanin Faransa, StudioCanal, da ya ba da kuɗin kammala Mulholland Drive bai sa shi ya yi wa kowa bayani ba. Har yanzu ana gardama kan ina mafarkin Diane, jarumar fim ɗin, ya tsaya, ina farkawarta ta fara. Amma babbar hujjata ita ce sunan da aka faɗa bai amsa komai ba. An ce mahaifin Laura ne, Leland, sannan aka ce wata muguwar iska mai suna BOB ce ta hau kansa. To wa za a tuhuma, uban ko iskar? Mu da muka san yadda akan jingina wa aljani ɓarnar da ɗan'adam ya yi a cikin gida domin a rufa wa dangi asiri, bai kamata mu ɗauki wannan ƙaramar tambaya ba. Shi ya sa Lynch ya dawo a 1992 da fim ɗin Fire Walk with Me, ya bi kwanaki 7 na ƙarshen rayuwar Laura ta idonta, aka ga uba a matsayin uba, da sani da tsoro a teburin cin abinci. Masu sharhi da yawa sun yi watsi da fim ɗin a lokacin, domin sun zo neman barkwancin kofi da kek da suka saba gani a shirin ne, aka ajiye musu yarinyar da ake zalunta.

Baba Mai Rediyo: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da yake jikana ne ya koya mini kallon abin a kwamfuta. An gwada abin da Malam ke tsoro. A 2017 tashar Showtime ta ba Lynch kashi 18 domin ya ci gaba da Twin Peaks, shi ya ba da umarnin kowanne, ba mai tsaya masa a ka. Kashi na 8 ya koma gwajin bam ɗin nukiliya na farko a New Mexico a Yulin 1945, aka daɗe ba magana sai wuta da ƙara da wani ƙwaro mai kama da kwaɗo da ya shiga bakin yarinya tana barci. Na ba da gari sau 18 ban samu amsa ba. Amma ban ji an cuce ni ba, domin mutumin zane ya fara koya a Philadelphia kafin ya taɓa kyamara, kuma ba na tambayar zane wa ya yi laifi.

Malamin Adabi: Allah ya ja kwana, Baba, na karɓi maganar zane, na kuma karɓi ta Hajiya game da uban da iskar, domin ban taɓa dubanta ta wannan fuska ba. Sai dai ku lura cewa duk hujjar tata a kan sunan Leland ta tsaya, kuma ABC ce ta sa aka faɗe shi. Ba don haka ba, da babu fim ɗin 1992.

Bazazzagiya: Wannan kam na yarda, Malam, amma ka sake kallon mintocin ƙarshe na 2017. Cooper ya kai matar da yake zaton Laura ce ƙofar gidansu, sai wata baƙuwa ta buɗe, wadda a zahiri ita ce mai gidan da aka ɗauki shirin a cikinsa, ta ce ba ta san wasu Palmer ba. Ya tsaya a titi yana tambayar wace shekara ake ciki, matar da ya kawo ta ji muryar uwar Laura daga cikin gidan, ta ƙwalla ihu, fitilun gidan suka mutu.