Zan je Kanada a watan Yuni, ina mai ciwon gwiwa zai ga dabbar nan mus?

Malamin Dabbobi, Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara talatin na yi ina duba shanu da raƙuma tsakanin Argungu da Kamba kafin in yi ritaya. Ɗana da ke karatu a Toronto ya matsa sai na je bikin kammala karatunsa. Ya tambaye ni me nake son gani, shi a zatonsa doguwar hasumiyar garin zan ce. Na ce masa mus. Tun da na ga hotonta take raina: hancin raƙumi, tozon sa, ƙafafu zalau-zalau, ƙaho kamar an shimfiɗa faifai biyu. To amma gwiwar hagu ta ƙi, sallah ma a kan kujera nake yi. Akwai inda mai irin ƙafata zai je ya gan ta a dajinta? Ban da gidan zu don Allah.

Ɗan Gusau:
Wa alaikumus salam Baba. Ku ce ya kai ku gandun dajin Algonkwin, tafiyar awa uku ce a mota arewa da Toronto. Tun 1893 aka keɓe shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 7,600, amma kada wannan ya tsorata ku. Babbar hanya mai lamba 60 ta ratsa kudancinsa, kilomita 56, kuma yawancin masu ganin mus daga bakin titin nan suke ganinta.

Dalilin zai yi muku daɗi tunda aikinku ne. Da hunturu ana watsa gishiri a titi don ƙanƙara ta narke. Idan sanyi ya wuce sai ruwan gishirin ya taru a kududdufan gefen hanya, ita kuwa ta kwana biyu tana cin tsirarun rassa, jikinta na neman gishiri. Kamar dai yadda shanu ke bin kanwa. Shi ya sa Mayu da Yuni suka fi. Idan zafi ya shigo sai ta koma fadama tana cin bado.

Ni sau biyu na je. Na farko da azahar, na sha tafiyar kilomita 11 a hanyar Mizzy Lake, ban ga komai ba sai kashinta. Na biyu mun fito bayan asuba, ko minti ashirin ba mu yi ba muka tarar da motoci sun yi layi a gefe. Tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ta nutsa kai, ta ɗago ruwa na zuba daga leɓenta, ko kallo ba mu ishe ta ba.

In kuna son ɗan taka ƙafa, akwai Spruce Bog, kilomita ɗaya da rabi, an shimfiɗa katako a kan fadamar, ba hawa. Hanyar Lookout kuwa, mai hawan tudu, ku bar wa yara.

Maman Biyu, Birnin Kebbi:
Baba, Ɗan Gusau duk ya faɗa, amma ya ɓoye muku ƙudan. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje a Yuni, sauron bakin Matan Fada almajirinsu ne. Ta bayan kunne da wuya suke shiga. Ku sa riga mai dogon hannu, a sayo ragar da ake rufe fuska da ita, kada ku ji kunya, kowa ma sawa yake. Kuma a ƙarshen Mayu suke haihuwa. In kun ga uwa da ɗanta ku tsaya jikin mota, da ƙafar gaba take duka. A yanki takardar shiga ta intanet kafin ku taso.

Ɗan Gusau:
Gaskiya ne Hajiya, na manta. Wani abu kuma Baba, ƙahon hoton nan ba za ku same shi a Yuni ba. Namiji kaɗai ke da shi, yana zubar da shi duk hunturu ya sake sabo. Lokacin zuwanku bai gama fitowa ba, yana lulluɓe da fata mai laushi. Sai wajen Satumba yake cika.

Malamin Dabbobi, Argungu:
Ikon Allah. Ƙaho ya faɗi ya sake tsirowa duk shekara? Ai wannan rabin ƙahon ma shi na fi son gani. Na gode, Allah ya yi albarka. Saura in shawo kan yaron ya tashi da asuba, don tun yana firamare sai an yayyafa masa ruwa.