Guguwa ta tunkaro garin da ɗana yake, 'yan coci za su kwashe su, Alhaji ya ce a'a

Hajiya Umma, Gwammaja

Assalamu alaikum. Don Allah wanda ya san Amurka, ko yake da sani a addini, ya ba ni amsa yau, don maganar ba ta jira.

Yaron wajena na fari yana karatu a wani gari da ake kira Galveston a jihar Teksas, shekararsa ta biyu ke nan. Yana tare da matarsa, cikinta wata bakwai, da takwarata 'yar shekara uku. Garin tsibiri ne, ruwa gaba ruwa baya. Shekaranjiya ya ce mini an yi shelar mahaukaciyar guguwa tana tasowa daga teku. Ni na ɗauka irin iskar farkon damina ce mai yaye kwano a Kurna da Rijiyar Lemo, na ce su rufe taga su yi ta addu'a.

Jiya bayan isha'i, su a can azahar ta ɗan gota, muka yi kiran bidiyo. Muna magana ina jin ana ta buga guduma, na ce lafiya? Sai ya juya mini wayar. Wani dattijon Bature ne a kan tsani, furfura fat, ya kai sa'an Alhaji ko ya ɗara, ƙusoshi a bakinsa, yana rufe musu taga da falanki. A ƙasa wata mata baƙar fata ta riƙe bakin buhu, takwarata tana zuba mata yashi da kofin roba, rabi a buhu rabi a ƙasa, matar tana ta yi mata dariya. Yaron ya ce 'yan wata coci ce a unguwarsu. Gida-gida suke bi suna rubuta sunan duk wanda ba shi da mota, da tsofaffi da masu ciki. Gobe da safe bas ɗinsu za ta kwashe su zuwa wata cocin da ke kan tudu, gaba da birnin Houston, inda aka shimfiɗa gadaje.

Da Alhaji ya ji, ya ce atafau jininsa ba zai kwana a coci ba. Ya ce su zauna a gidansu, wanda kwanansa bai ƙare ba ko a cikin teku zai rayu. Ya tura kuɗi su kama otal, yaron ya ce duk inda ya kira a cike yake, motar haya ma ta ƙare. Shi kuma yaro ne da ba ya ƙetare maganar ubansa, na san ko ruwa ya kai masa wuya zai zauna.

Abin da nake so in sani: guguwar nan ta kai a bar gida saboda ita? Kuma akwai laifi Musulmi ya bi mutanen nan ya kwana a wurinsu?

Injiniya Sani, Hotoro

Wa alaikumus salam Hajiya. Su tafi, kuma su tafi a motar farko. Na yi shekara huɗu a Houston, guguwar Harvey ta watan Agustan 2017 a kaina ta sauka.

Mu nan idan aka ce guguwa iska muke hangowa, amma a bakin teku ruwa ne yake kashe mutane. Iskar tana tura teku ne a gabanta kamar yadda ake tura ruwa da tsintsiya, sai ya hau tudu ya shiga gari. Galveston kuwa shimfiɗe take, da kaɗan ta ɗara teku tsayi. A 1900 guguwa ta kashe mutum sama da 6,000 a garin nan, shi ya sa aka gina katangar kankare mai tsayin kusan mita biyar a bakin ruwa. Da guguwar Ike ta zo a 2008, sai ruwan ya zagayo ta bayan tsibirin inda babu katanga, ya cika gari. Babbar hanyar fita kuma gada ce, in iska ta yi ƙarfi ko ruwa ya hau titi an rufe ƙofa ke nan. Matar da ke da cikin wata bakwai, in naƙuda ta taso cikin daren, motar asibiti ba za ta fito ba sai iska ta lafa.

Ki tambaye shi mataki na nawa aka ce guguwar take. Matakan guguwa biyar ne. Na farko yana farawa daga iska mai gudun kilomita 119 a awa, na uku daga 178, na biyar daga 252. Amma kada ƙaramin lamba ya ruɗe ku. Harvey da ta iso kanmu ƙarfinta ya ragu, sai ta tsaya cak tana zubar da ruwa kwana da kwanaki. A wasu wurare an auna sama da mita ɗaya da rabi, ya fi abin da Kano take samu a damina guda.

Ni ma taurin kai na yi. Ina ƙasan bene, na ce ina za ni, na ga ambaliya a gida. Kafin asuba ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, yana warin masai da fetur, takalmana suna yawo a falo. Da hantsi ya kai gwiwa. Wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba suka zo da kwalekwalen kamun kifi suka ɗauke mu ta barandar maƙwabcina. Bayan mako guda na koma, ɗakin ya yi funfuna har rufi. 'Yan cocin Baptist ne, masu riga da hula ruwan ɗorawa, suka zo su shida suka ciccire kafet da jiƙaƙƙen bango, yawancinsu tsofaffi 'yan fansho. Wata tsohuwa a cikinsu, da ta ji ni Musulmi ne, ita ta riƙa duba mini kwanon abinci tana cewa wannan da alade, ɗauki wancan. Na miƙa kuɗi suka ƙi karɓa.

Ki ce ya sa fasfo da takardun makaranta da katin awon ciki a leda ya ɗaure, ya ɗauki magunguna, kuɗi a hannu, caja da batirin ajiya, da ruwa kamar lita huɗu ga kowane mutum a rana. Kuma kada ya jira la'asar. A 2005 lokacin guguwar Rita jama'a suka fito lokaci guda, hanya ta toshe, aka wuni aka kwana a titi cikin zafi, mutane da dama suka rasu a hanyar gudun.

Malam Habibu, Yakasai

Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Maganar Alhaji kishin addini ne, kada ki raina masa ita. Sai dai hukuncin ba haka yake ba.

Lokacin da aka matsa wa sahabbai a Makka, Annabi (SAW) Habasha ya tura su, wurin Najjashi, sarkin Kirista, suka zauna shekaru a ƙarƙashin kariyarsa da addininsu. Aya ta 8 a suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ballantana mu karɓi alherinsu. Batun kwana bai ƙare ba kuwa, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Da aka ce gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Biyayya ga uba wajibi ce, amma ba ta kai ga jefa rai uku da na ciki a halaka ba.

Su yi sallarsu a kan lokaci, su nemi kusurwa mai tsarki wadda babu mutum-mutumi ko hoto a gabansu. An ruwaito Ibnu Abbas yana salla a coci in babu gumaka a ciki. Su kiyaye abin da za su ci. In an zo addu'ar su, su koma gefe cikin ladabi.

Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban yara ba, kuma kada ki ce masa ya yi kuskure. In kina so ki ba shi wayar ya karanta da kansa.

Abu Hanif, Ɗorayi

Ban ƙi ta Malam ba, amma a faɗi gaskiya duka. Ƙungiyoyin nan da wa'azi suke tafe. Samaritan's Purse, ta Franklin Graham, in sun gama gyara maka gida Baibul suke miƙa maka da sa hannunsu a ciki, ba sa ma ɓoyewa. Kuma Houston cike take da Musulmi. A lokacin Harvey ɗin da Injiniya yake faɗa, masallatan garin sun buɗe ƙofa an kwana a ciki, ƙungiyoyin agajin Musulmi, ICNA Relief da Islamic Relief, suna aiki a can. Me ya hana ya nemi lambar masallaci tun yanzu? Ya hau bas ɗin dai ya fita daga tsibirin, wannan ba gardama, in ya isa tudu sai 'yan'uwa su ɗauke su. Ina ganin wannan zai fi kwanta wa Alhaji.

Saratu, Sabon Gari

Mama, sannu da wannan tashin hankali. Ni Kirista ce, haifaffiyar Kano, ina cikin zumuntar mata a cocinmu. Abin da ɗan'uwa Abu Hanif ya faɗa haka ne, za su yi addu'a, ƙila wani ya miƙa Littafi. In yaronki ya ce na gode, ni Musulmi ne, magana ta ƙare, gado da abinci suna nan. Da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 Maiduguri ta nutse, mun tara zannuwa da tabarmi da garin masara, mun san sarai yawancin waɗanda za su karɓa Musulmi ne.

Ina 'yar shekara tara aka yi wata tarzoma a garin nan. Maƙwabcinmu, Malam ne mai almajirai, ya shigar da mu ɗakin uwargidansa, ni da mahaifiyata da ƙannena biyu, ya shimfiɗa buzunsa a bakin zaure ya zauna. Kwana biyu muka yi. Ina tuna mahaifiyata ta durƙusa bayan gado tana addu'a a hankali don kada ta dame su, uwargidan ta ga haka ta ja labule ta fitar da yaranta tsakar gida. Mun fito da addininmu, su ma suna nan da nasu. Har ta rasu Inna nake ce mata.

Zan sa su a addu'a daren nan, in ba ki damu ba.

Hajiya Umma, Gwammaja

Na gode, na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saratu 'yata, ban damu ba ko kaɗan, kin sa ni hawaye.

Jiya bayan magariba na kai wa Alhaji tuwo na ajiye masa wayar a gefen tire, ban ce komai ba. Ya karanta na Malam sau biyu, ya karanta na Injiniya, ya yi shiru. Sai ya ce a kira masa yaron. Aka yi sa'a dattijon nan ya dawo ɗaukar tsaninsa. Alhaji ya ce a tambaye shi nawa ne kuɗin katako da na aiki, don shi ba ya son bashi. Mutumin ya yi dariya ya girgiza kai. Yaron ya ce, Baba, gida goma sha ɗaya ya rufe tun jiya, nasa gidan ko taga ɗaya bai taɓa ba tukuna. Alhaji ya daɗe yana kallon fuskar mutumin, sannan ya ɗaga masa hannu, ya ce wa yaron, ku bi shi, ka riƙe sallarka.

Tashin bas ɗin ya ɗan yi jinkiri, an tsaya ɗauko wata tsohuwa mai keken guragu. Shawarar Abu Hanif ma mun bi, ya samu wani limami a Houston, ya ce in hanya ta yi kyau gobe zai turo a ɗauke su, in ba ta yi ba su zauna inda suke.

Yanzun nan ya turo hoto daga kan gadar. Sama ta yi baƙi ƙirin ta bayansu, motoci jere har ƙarshen gani, takwarata ta yi barci a cinyar matar nan mai buhun yashi. Dattijon bai hau ba, ya ce sai ya rufe nasa gidan zai biyo motar ƙarshe. Na ce yaron ya karɓi lambarsa, ya kira shi da zarar sun sauka, ya gaya mini ko ya fito. Alhaji yana kan darduma tun ɗazu, ya ce kada in kashe wayar.