Neman shawara: in shiga lo kilinik ko in riƙe karatuna kawai?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Ina aji huɗu a fannin lauya, an fara ɗaukar sababbin ɗalibai a lo kilinik na tsangayarmu inda ake taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, kuma raina yana so sosai. Akwai maƙwabciyarmu da ɗanta ke gidan yari kan zargin satar waya, sau ɗaya aka kai shi kotu shiru har yau, kullum sai ta tare ni a zaure tana cewa ke da kike karatun lauya ki taimaka min. Amma Baba ya ce in bar wahalar banza in kula da makina. Ya zan yi?

Barista:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki shiga, amma ki san iyakarki, ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali sai wanda ya zama cikakken lauya. Naku shi ne ku zauna da wanda ake tsare da shi ku ji ta bakinsa, ku nemo lambar ƙara, wace kotu ce, ina fayil ya maƙale, ku tsara takardar neman beli lauyan da ke kula da ku ya duba ya sa hannu. Kar ki raina wannan wallahi, masu jiran shari'a a gidajen yarinmu sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa nesa ba kusa ba, da yawansu kuma wanda zai bi musu takarda kawai suka rasa.

Hajiya Babba:
Matar nan kar ta jira ki 'yata. Ki raka ta ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya, na jiharku, tun 1976 aka kafa hukumar saboda irinta kuma ba a biyan ko sisi. Kan batun ta tsaya wa ɗanta beli kuma, dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don mace ce, ku duba me dokar jiharku ta ce.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai ina bayan Baba gaskiya. Na ga waɗanda zirga-zirgar kotu ta cinye musu lakca har suka kwashi kariyoba. In dole sai kin yi ki ware rana ɗaya a sati.

Tsohon ɗan Bagauda:
Ai wannan ma karatu ne malam. Abin da ake koyarwa a makarantar lauyoyi ta Bagauda kenan, hira da mai ƙara da rubuta takardun kotu, waɗanda suka yi kilinik ba su sha wuya kamar mu ba. Ki faɗa wa Baba haka cikin ladabi, in da hali malaminku ya kira shi.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka da alheri. Barista takardar da ke hannun maƙwabciyar tamu duk ta yage ba a ganin lambar ƙarar, rajistaran kotu zai iya nemo mana da sunan yaron kawai?

Barista:
Zai iya, ku tafi da cikakken suna da watan da aka gurfanar da shi da ofishin 'yan sandan da ya kawo ƙarar.