Shagon Alhajinmu na Kwari na neman suɓuce mana, ina zan koyi riƙe lissafi?

Mai tambaya (a sakaya sunana):
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya daɗe yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Bayan babbar salla ya samu shanyewar ɓarin jiki, yanzu alhamdulillahi yana magana amma ba ya fita. Ɗaki biyu ne gidanmu, ni ne babba a maza, amma tun ina sakandare Alhaji bai yarda na zauna a shago ba, wai ni boko zan yi. Na yi NCE, ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashin ko ƙarshen wata ba ya kai ni, ga maganar aurena da aka ɗaga. Matsalar ita ce Alhaji komai a ka yake riƙewa. Littafin da na tarar a durowa, za ka ga an rubuta "na Gaya 40". Turmi arba'in ne ko dubu arba'in? Mu ke binsa ko shi ke binmu? Masu ɗaukar kaya bashi su kai ƙauye duk sun ɗauke ƙafa. Cefane da kuɗin makarantar yara daga cinikin ranar ake zara. Don Allah ina ake kwas na tafiyar da kasuwancin gida irin wannan?

Ɗan Kwari:
Allah ya ba Alhaji lafiya. Ƙanena, ba kwas kake buƙata ba, tabarma kake buƙata. Ka shimfiɗa ta gefen gadonsa kullum bayan la'asar, ka ɗauko littafin nan, layi-layi ya fassara maka tun bakinsa yana buɗe. Ba malamin jami'ar da ya san waye na Gaya. Kasuwa a kasuwa ake koyonta.

Malamin Akanta:
Maganar zama da Alhaji daidai ce, amma ba ta hana karatu. SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, na shirya horo ga masu ƙananan sana'o'i lokaci-lokaci, ka leƙa ofishinsu. In lissafi kake so sosai, akwai ATS, jarrabawar ƙananan akantoci ta ICAN, cibiyar akantocin Najeriya, mataki uku ne, kana shago kana karatu. NOUN, jami'ar karatu daga gida, ma na da cibiya a Kano. Kafin wannan duka, ka buɗe asusun banki na shago daban, a yanka wa gida kuɗin wata, a daina zara. Sannan ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani.

Ɗan Kwari:
Malam, Alhassan Dantata da ya rasu 1955, ATS mataki nawa ya yi? Ku 'yan boko kuna sa mutum rajista, gobe masu haraji su san ƙofarsa.

Malamin Akanta:
Alhaji, tattaɓa-kunnensa Aliko Dangote ai ya yi karatu a Azhar ta Masar, kuma sunan Dangoten ne a makarantar koyon kasuwanci ta BUK. Haraji kuwa ko ba rajista ana zuwa karɓa a kasuwa.

Hajiya Mai Leshi:
Hmm, ɗana, ka tuna min da namu. Babanmu a Sabon Gari yake, gobarar 2016 ta cinye kaya har da 'yan takardun da yake da su. Bai shekara biyu ba ya rasu. Mazan suka ce ba a bar komai ba sai bashi, mu mata aka ba mu haƙuri. Yau ɗayansu shago biyu gare shi, ni kuwa a WhatsApp nake tallar leshi. Na bar su da Allah. Kai dai ka ji tsoron haƙƙin ƙannenka na ɗaya ɗakin.

Mai tambaya:
Hajiya, ni ban zo cin haƙƙin kowa ba. Da na so haka da ban tambaya a nan ba. Kuma Alhaji Ɗan Kwari, na gwada zaman, minti kaɗan yake gajiya, in na matsa sai Umma ta ce ina yi masa fatan mutuwa. Shi ya sa nake ganin takardar shaida za ta sa a saurare ni.

Ɗan Kwari:
Wa zai saurare ka don satifiket? Dilan da ke ba ku kaya fuskar ubanka ya sani. Tun da aka saki farashin dala a 2023 kaya ke tashi, ka sayar da turmi yau ka ga riba, ka koma sari kuɗin bai sayo maka irinsa ba. Uwar kuɗin ke zaizayewa kai kana murna. Wannan a wane aji za a nuna maka?

Malamin Akanta:
A ajin farko.

Bazazzagiya:
Ka jira Janairu ka cike na Gidauniyar Tony Elumelu, suna ba da horo da jarin dala 5,000. Ni dai na cike ban samu ba, kuma datar da na ƙona Allah kaɗai ya sani.

Wani Bawan Allah:
Kowa na ta magana, ba wanda ya tambaya: makullin shagon yana hannun wa yanzu? Kuma zakkar bana an ƙirga kaya an fitar?

Mai tambaya:
Makulli na hannun Baffa, ƙanin Alhaji, shi da yaran shago. Amma mutumin kirki ne, shi ya riƙe ni ina ƙarami. Ba zan iya ce masa ya kawo lissafi ba, sai dai in na yi karatun ya ga na iya.

Hajiya Mai Leshi:
Namu ma mutanen kirki ne.

Ɗan Kwari:
Au, ashe da Baffa a ciki! To jarin na Alhaji ne shi kaɗai ko sun haɗa?

Mai tambaya:
Wannan maganar gida ce, ba ita na kawo ba. Malam Akanta, shi ATS ɗin ana shiga da NCE? Kuma akwai ajin dare?